Dogon Hanjin Alhaji Yero

Tun daga kujerarta Rahinatu ta hango sunan da ke bayan fayil ɗin da shugabarta, Madam Ebiere, ke juyawa a hannu: Alhaji Yero, dillalin shanu, Trans-Amadi. Mahaifinta ne. Jiya da hantsi ciwon ciki ya durƙusar da shi a tsakiyar kwata, mijinta ya ɗauko shi a mota ya kawo shi nan, asibitin da take aiki a bayan Rumuokoro. Kafin likita ta iso kansa ciwon ya lafa, amma aka yi masa hoton ciki, aka kwantar da shi don a sa ido.

Aikin ofishinsu bai da hayaniya. Likita ya rubuta abin da ya gani, su kuma su mayar da kowace cuta lamba, su shigar a kwamfuta. Daga nan lambar ce ke yawo a madadin majiyyaci. Ita ce ke nuna wanda za a sallama da wanda zai jira babban likita. Doka ce kuma ba a ba ma'aikaci fayil ɗin ɗan uwansa, shi ya sa na Alhaji ya faɗa hannun Madam.

"Zo nan, Rahina," in ji Madam. "Sunanki ya bayar a matsayin wadda za a nema, don haka zan iya nuna miki. Your papa get luck o. Dogon hanji ne kawai. Q43.8, haka Allah ya halicce shi. Da yamma za a sallame shi."

Rahinatu ta sunkuya ta karanta rubutun Dakta Ibinabo. Babban hanji ya zarce tsawon da aka saba gani, ya yi lanƙwasa a gefen hagu. Majiyyaci ya ce babu ciwo. Bayan gida lafiya lau. Bai taɓa yin irin wannan ba.

Ta sake karanta layin ƙarshe, sannan ta ɗago.

"Madam, wannan ba Baffa ba ne."

"Sunansa ne, hotonsa ne."

"Hanjin nasa ne. Maganar ce ba tasa ba."

Ta tuna gidansu na Anacha, inda aka haife ta. Ba ta taɓa sanin murhunsu babu tukunyar filasko a gefe ba, ganyen nan mai wanke ciki. Ta tuna yadda Baffa kan shige ɗaki riƙe da ciki, cikin ya kumbura kamar an hura, Inna ta kore su waje ta ce Baffanku na hutawa. Sai washegari ya fito a rame ya tafi kasuwa, babu mai cewa komai. Ta faɗa wa Madam duka.

Madam ta cire tabarau ta ajiye.

"Na yarda da ke. Amma kin san aikin nan. Abin da likita ta rubuta shi nake sa wa lamba, ba abin da 'yar majiyyaci ta tuna ba. Dogon hanji shi kaɗai ba cuta ba ce, mutane da yawa suna tsufa da shi ba su sani ba. Idan kuwa da taurin bayan gida, kuma yana murɗewa yana warwarewa, wannan maganar likitan tiyata ce. Ran Alhamis zai zo daga Inugu. Da wannan rubutun dai ba zai ga babanki ba."

Rahinatu ta yi lissafin kwanaki. Ran Asabar Baffa zai hau tirela zuwa Potiskum sayo shanun Sallah. Ta san hanyar, ta san dajin da ake ratsawa babu ko kemis. Idan hanjin ya murɗe a can ya ƙi warwarewa, babu wanda zai kai shi ko'ina a kan lokaci.

"Waye ya yi masa tafinta jiya?" ta tambaya, don Alhaji bai jin Turanci sai na ciniki.

Madam ta duba ƙasan takardar, ta yi murmushi.

"Your husband."

Lokacin cin abinci Rahinatu ta tari keke zuwa kasuwar Rumuokoro. Ta tarar da mijinta Muhyiddeen a shagonsa na hatsi yana ɗinke bakin buhun wake.

"Abban Umair, jiya me likita ta tambayi Baffa?"

Ya ci gaba da ɗinki.

"Tambayoyi dai irin na likitoci."

"Kamar me?"

"Kamar... ina ke masa ciwo."

"Sai kuma?"

Ya ajiye basillar, ya leƙa waje ko akwai mai jin su.

"Haba, Maman Umair. Cewa ta yi in tambaye shi yaushe rabonsa da zagayawa. Wai da tauri ko da laushi. Wai iska na fita. Surukina fa! Mutumin da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. Ni da bakina?"

"To me ka ce masa?"

"Na ce, Baffa, likita na tambaya ya jiki."

"Shi kuma?"

"Ya ce da sauƙi, Alhamdu lillahi. Na ce mata normal."

"Ta sake tambaya fa?"

"Na sake cewa ya jiki."

"Duk tambayoyin?"

"Sau ɗaya dai na ce ya ƙarfin jiki, don kada ya ga ina maimaitawa."

Rahinatu ta zauna a kan buhu. Dariya na son kama ta, tsoro kuma ya hana. Ta yi masa bayanin abin da amsoshinsa suka zama a kwamfuta, da likitan Alhamis, da tirelar Asabar. Fuskar Muhyiddeen ta canza.

"Wallahi ban san abin zai kai haka ba. To ke ki shiga ki tambaye shi mana, ai aikinki ne."

"Ni? 'Yar farinsa? Tunda nake ka taɓa jin ya kira sunana?"

Bai taɓa ji ba. Yarinyar nan, haka Alhaji ke ce mata, ko da tana tsaye a gabansa. Inna kuwa tana Kumo wajen biki, kuma ko tana nan ba za ta buɗe baki a kan wannan ba. Idan aka samo wani baƙo mai jin Hausa, shi ma da sauƙi zai samu, don Alhaji Bafillatani ne na gidi, ko abinci bai ci a gaban mutane, balle ya yi zancen inda abincin ke ƙarewa.

Muhyiddeen ya ce, "Mutum ɗaya na sani a garin nan da ke gaya wa Baffa duk abin da ya ga dama, ya kwana lafiya."

Tare suka faɗi sunan.

Kallamu Babarbare ne daga Damaturu, mai sayar da kayan ciki a kwatar Trans-Amadi. Tun suna samari a Anacha yake sayen kayan cikin shanun Alhaji Yero, kuma tun ranar suke zagin juna. Wasan Fulani da Barebari ne, wanda suka gada kaka da kakanni: kowa na cewa ɗayan bawansa ne, kuma duk abin da aka faɗa a cikinsa ba a riƙe shi.

Rahinatu ta same shi a bakin famfo, ya naɗe hannun riga, yana wanke hanjin sa a cikin babban baho. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"A'a, 'yar bawana! Ya mai jiki? An ce jiya ya ga bajimi ya suma."

"Da sauƙi, Baba Kallamu." Ta ji abin da bakinta ya faɗa, ta gyara. "A'a, ba da sauƙi ba. Shi ya kawo ni."

Maganar ta yi mata nauyi, sai ta nuna bahon.

"Baba, na Baffa ya fi na mutane tsawo. Idan abu ya yi tsawo haka a ƙaramin wuri..."

Kallamu ya ɗago wani sashe na hanjin, ya murɗa shi da yatsu biyu. Ruwan da ke bi ta ciki ya tsaya cak, gefe guda ya kumbura.

"Haka?"

"Haka."

Ya sake shi a hankali. Wasan ya bar fuskarsa.

"Bara na same shi a bayan tirela ya dafa taya, gumi na zuba. Na ce mene ne, ya ce kuɗin mota yake lissafawa." Ya girgiza kai. "Me kike so in yi?"

"Likita za ta sake yi masa tambayoyi kafin sallama. Ina so ka zama tafinta. Abin da ta faɗa, ka faɗa masa yadda yake. Abin da ya faɗa, ka faɗa mata yadda yake."

"Yadda yake?" Idonsa ya yi haske. "Yau Allah ya ba ni Bafillatani a kwance. Bari in canza riga."

"Baba, ka yi wanka tukuna."

"Don me? Ai warin shanunsa ne."

Kafin ta koma ofis, Madam Ebiere ta riga ta aika wa Dakta Ibinabo takardar neman ƙarin bayani, irin wadda suke aikawa idan rubutu bai cika ba. Likitar da kanta ta leƙo. Doguwa ce, ba ta da yawan magana.

"Dama hoton bai kwanta min ba," ta ce wa Rahinatu. "Hanjin ya buɗe kamar wanda ya daɗe yana wahala, mai shi kuma yana cewa lafiya. Idan ya amince da sabon tafintan, zan sake tambaya. Amma ke ba za ki shiga ba."

"Ko kin ce in shiga ba zan shiga ba, Dakta."

Bayan la'asar Alhaji Yero na zaune a bakin gado, ya sa hula, ya ɗora sandarsa a cinya, yana jiran sallama. Sai ga murya daga bakin ƙofa.

"Ina bawan nan nawa da ya gudu daga aiki ya zo ya kwanta a katifar Bature?"

Alhaji bai ko juya ba.

"Wa ya bar Babarbare ya shigo wurin masu tsabta? Nas, a kawo tsintsiya."

Dakta Ibinabo ta ja labule ta zagaye gadon. Ta ce a tambaye shi ko ya yarda wannan mutumin ya yi masa tafinta. Kallamu ya faɗa masa.

"Kai? Yaushe ka iya Turanci?"

"Tun kana bin saniya a daji kana tsoron mota."

Alhaji ya dubi labulen.

"Yarinyar nan tana ina?"

"Tana ofishinta, can wani gini. Mijinta na shago. Daga ni sai likita. Ita ba ta jin Hausa, ni kuma a wurinka ba mutum ba ne. To kunyar wa za ka ji?"

Alhaji ya ɗan yi tsaki, ya ɗaga hannu alamar a ci gaba.

Likita ta yi tambayar farko. Kallamu ya gyara tsayuwa.

"Ta ce yaushe rabonka da kashi."

Sandar ta kusa faɗuwa daga cinyar Alhaji.

"A'uzu billahi! Kai dai ba a yi maka tarbiyya ba."

"Ba a yi ba. Yaushe?"

"Alhamdu lillahi."

"Ba gaishe ka nake ba, Yero."

"Na ce Alhamdu lillahi."

"Wetin he talk?" in ji likita.

"He dey thank God, Dakta. Small time." Kallamu ya juyo. "To shi ke nan. Tunda ba za ka faɗa ba, ni zan faɗa mata abin da na ga dama, ai ba ka ji. Zan ce gudawa kake yi safe da yamma. Zan ce ko bajimi ya yi atishawa sai ka canza wando. Ta rubuta, a sa a kwamfuta, 'yarka ta karanta."

"Ƙarya kake, la'ananne! Ni da nake yin sati ban..."

Ya tsaya.

"Sati," in ji Kallamu a hankali, ya juya ya faɗa wa likita. Ta rubuta ba tare da ta ɗago ba, kamar an gaya mata farashin tumatir. Wannan ne ya ɗan kwantar wa Alhaji da hankali.

Ya juya fuskarsa ga bango. Da ya sake magana, muryarsa ta yi ƙasa.

"Akwai wani sa da na sani."

"Ina jin ka."

"Tun yana maraƙi cikinsa ba ya tafiya daidai. Sai an ba shi filasko. Da ya girma, filaskon ma ya daina yi masa sai an ninka. Wani lokaci cikin ya kumbura ta hagu, ya yi tauri kamar ganga. Ko iska ba ta fita. Ya yi ta juyi a ƙasa. Can sai ka ji abu ya saki, iska ta fita da yawa, ya miƙe."

Kallamu na juyawa jimla bayan jimla, bai ƙara ko kalma ba, bai kuma yi dariya ba. Likita ta tambaya ko wannan sa yana amai. Yana yi, wani lokaci. Ko akwai jini. Babu. Ko abin na ƙaruwa.

"Da can sai a shekara bai yi ba. Bana tun azumi ya yi ta dawowa."

Dakta Ibinabo ta ajiye biro. Ta yi magana a natse, Kallamu ya fassara.

"Ta ce ba ta da izinin rubuta ciwon sa a fayil ɗin mutum. Ta ce wannan sa, kai ne?"

Alhaji ya daɗe yana kallon bango. Sannan ya gyaɗa kai sau ɗaya.

Likita ta ciro abin awon ƙirji daga wuyanta, ta lanƙwasa robar, ta murɗa. Ta ce hanjinsa ya yi tsawo, shi ya sa yake samun wurin juyawa. Duk lokutan baya ya warware da kansa. Ranar da ya ƙi, jini zai daina kai masa, kuma daga nan sai tiyatar gaggawa. Ta ce ba ita za ta yanke hukuncin a yi aiki ko kada a yi ba, likitan Alhamis ne zai duba, ya ba shi shawara, shi kuma ya zaɓa. Amma ba ta ba shi shawarar hawa tirela ba.

"Ka gaya mata Sallah ta matso," in ji Alhaji. "Mutane sun ba ni amanar shanunsu."

Kallamu bai juya wannan ba. Ya zauna a bakin gadon, abin da bai yi ba tun shigowarsa.

"Yero, ni nake buɗe cikin shanunka. Ka sha tsayawa a kaina ka ga wanda hanjinsa ya murɗe, ka ga yadda yake baƙi. Kai da kanka kake cewa a yi maza a yanka kafin ya mutu. Kai wa zai yi maza ya yi maka wani abu a dajin Lokoja?"

Kallamu ya ƙara matsowa kusa da shi.

"Ka tura Yunus. Ƙanenka ne, ya san hanya."

"Yunus bai san shanu ba. Ƙaho yake kallo."

"To ka koya masa. In ka mutu, ni wa zan zaga?"

Alhaji ya ɗauki sandarsa ya juya ta a hannu. Sannan ya cire hular, ya ajiye a kan akwatin gefen gado, ya miƙe ƙafafunsa a kan katifa.

"A kawo min dardumata da rediyo. Kuma wallahi idan na ji zancen nan a kwata, sai na sayar da kai."

"Wa zai sayi Babarbaren da ya tsufa a hannun Fulani?" in ji Kallamu.

Kafin a tashi daga aiki fayil ɗin ya dawo ofis da sabon shafi. Madam Ebiere ta karanta, ta jawo kwamfuta gabanta. Rahinatu na zaune a kujerarta, ta juya baya, tana aikin wani fayil, amma kunnenta na wurin.

"K56.2, murɗewar hanji, ta warware da kanta," Madam ta faɗa da ƙarfi, kamar da kanta take magana. "K59.0, taurin bayan gida. Q43.8 na nan yadda yake." Ta danna. "Alhamis, shi ne na farko a wurin likitan tiyata."

Rahinatu ta sauke numfashi, ta ci gaba da aikinta.

Likitan tiyata ya zo daga Inugu ran Alhamis, Kallamu ya sake yin tafinta, wannan karon da wankansa da turarensa. Aka sa ranar aiki a mako mai zuwa, za a rage tsawon hanjin. Alhaji ya tambaya ko za a ba shi abin da aka yanke. Kallamu ya ce shi zai saya, amma ba da tsada ba.

Tirela ta tashi ran Asabar da Yunus a gaba. Ranar kasuwar Potiskum, Rahinatu ta kawo kunu da rana, ta tsaya a bakin ƙofa. Alhaji na zaune a kan gado da wayar Muhyiddeen a hannu, ya nisanta ta da fuskarsa yana ƙanƙance ido. A cikin wayar, Yunus na ratsa kara, kasuwar dabbobi, yana haska shanu ɗaya bayan ɗaya.

"Wuce wannan," in ji Alhaji. "Wuce. Tsaya! Jan nan. Buɗe min bakinsa in ga haƙori. Ba hancinsa ba, Yunus, bakinsa!"